Daga Kusugu Zuwa Tsohon Birni: Wuraren Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, baƙi na tasowa daga Legas, Damagaram har da ƙasashen Turai don su leƙa Rijiyar Kusugu, alhali a cikinmu akwai waɗanda ke wucewa ta gabanta kullum ba su taɓa shiga ba. Ga wuraren da za a iya zagayawa a yini guda, da abin da kowannensu ke koyarwa.

A fara da Kusugu. Labarin da aka gada ya ce wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno da Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa takobi. Da ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, sai ya tafi rijiyar ya sare kan macijin. Ya auri Magajiya Daurama, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. In an haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan. Yau rijiyar tana cikin gini, kuma har yanzu ana zura guga a jawo ruwa.

A nan sai ɗalibi ya yi hattara: labarin baka daban, tarihin da aka tabbatar daban. Wasu masana na danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947. Wasu kuwa na ganin labarin yana bayyana yadda sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza ne. Shi kansa labarin ya nuna cewa Bayajidda ya tarar da gari da sarauniya da maƙera, wato Hausawa sun riga shi zama.

Daga rijiya sai Kangiwa, fadar Sarkin Daura. Ku dubi kaurin bango, da yadda aka ɗaure rufin soro da azara, da zanen da magina suka yi. Fadar ta ga sauyi iri-iri. A 1805 Malam Ishaku ya ci Daura a lokacin jihadi, gidan sarautar Haɓe ya fita, daga baya ya kafu a Zango da Ɓaure. A 1904 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango, sarautar ta koma gidanta na da. Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar yana kan karagar tun 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Mai son ganin fada ta cika ta batse, ya zo lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal.

Na uku shi ne Tsohon Birni, a wajen gari. Can ne aka ce magajiyoyin farko suka zauna, tun daga Kufuru, kafin Daurama ta dawo da fadarta inda Daura take yanzu. Mai sauran lokaci kuma ya ƙarasa Kwangwalam a Mai'aduwa, ya ga iyakar da Turawa suka shata tsakanin dangi guda, wasu a Nijeriya wasu a Nijar.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan labari ba. A birnin Kirakof na ƙasar Folan, suna da labarin wani dodo da ya addabi mutane daga kogon da ke ƙarƙashin tudun fadar Wawel, har aka kashe shi da tunkiyar da aka cusa wa farar wuta. Sun gyara kogon, sun kafa gunkin dodon yana feso wuta, kuma a 1978 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Masu otal, masu abinci da 'yan rakiyar baƙi duk suna ci daga wannan labari. Sun fi mu ne da adanawa da iya bayani, domin labarinmu ya shafi asalin masarautu bakwai.

Saboda haka idan za ku je, ku nemi izinin masu kula da wurin, ku gaishe su da ladabi, ku tafi da littafi da biro. Kada a yi rubutu a bango, kada a yar da leda, kada a jefa komai cikin rijiya. Ku tambayi dattawa yadda suka ji labarin, ku rubuta, ku kwatanta da na littafi. Ginin ƙasa in aka bar shi damina uku ba yaɓe, zubewa yake yi. Haka labarin da ba a rubuta ba yake bin mai shi kabari.

Muna roƙon malaman tarihi da na Hausa su shirya mana wannan ziyara kafin ƙarshen zango. Gani ya kori ji.