Damfarar banki ta waya

Damfarar banki ta waya nau'in zamba ce da ake yi ta kiran waya ko saƙon tes, inda ɗan damfara ke yaudarar mutum har ya faɗa masa bayanan sirri na asusunsa, ko ya tura masa kuɗi da kansa. A Turance ana kiran wadda ake yi da saƙo *smishing*, kalmar da aka haɗa daga SMS da *phishing*, wadda ake yi da murya kuma *vishing*. A Najeriya galibi ana kiran masu wannan aiki 'yan 419, daga sashe na 419 na kundin dokar manyan laifuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara.

Bayanan da ake nema

Ɗan damfara ba ya buƙatar fasa kwamfutar banki idan mai asusu ya buɗe masa ƙofa. Abubuwan da yake nema sun haɗa da lambobin da ke gaban katin ATM, ranar ƙarewar katin, lambobi 3 na bayansa, lambar sirri ta PIN, da lambar OTP da banki ke turowa don tabbatar da ciniki guda ɗaya. Haka kuma yana neman BVN, lamba mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a shekarar 2014. BVN ita kaɗai ba ta isa a cire kuɗi da ita ba, amma tana taimaka wa ɓarawo ya tattara sauran bayanan mutum ya yi sojan gona da sunansa.

Hanyoyin da suka fi yawa

* Kiran jami'in bogi: mai kira zai ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunan mutum don a yarda da shi, sannan ya ce za a rufe asusu nan take idan ba a "sabunta" BVN ba. Yayin da ake magana, yana ƙoƙarin sayayya da katin, shi ya sa yake neman a karanta masa OTP ɗin da ya shigo.
* Saƙo mai adireshin intanet: saƙon kan yi alƙawarin tallafin gwamnati, rance ko kyauta. Adireshin yana kai mutum shafin da aka kwaikwayi na banki, duk abin da ya rubuta a ciki ya tafi wurin ɓarawo.
* Satar layi: ana sace waya, ko a sa a sake fitar da layin mutum a wani sim. Da yake OTP da bankin USSD a kan layi suke, wanda ya riƙe layin ya kusa riƙe asusun.
* Alat na bogi: ana tura wa ɗan kasuwa ko mai POS saƙo mai kama da na shigar kuɗi, a karɓi kaya a tafi. Wani lokaci kuma a kira a ce an turo kuɗi bisa kuskure, a roƙi a mayar.

Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne a kan tsoro, gaggawa ko kwaɗayi, domin hana mutum tsayawa ya yi tunani.

Kariya

Banki ba ya tambayar PIN, OTP ko lambobin bayan kati ta waya. Idan aka kira ka da irin wannan buƙata, ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka je reshe da ƙafarka. Sunan banki da ya fito a kan saƙo ba hujja ba ce, domin ana iya ƙirƙirar sunan mai aikawa. Yana da kyau a sa wa sim lambar sirri, kada kuma a ajiye PIN a cikin waya. Ɗan kasuwa ya duba ragowar kuɗinsa a manhajar banki kafin ya miƙa kaya. Idan layi ya ɗauke ba dalili, a tuntuɓi kamfanin waya da banki nan da nan.

Idan an riga an faɗa tarko

Matakin farko shi ne rufe kati da asusu. Bankunan Najeriya suna da lambobin USSD na rufe asusu daga kowace waya, kuma ya kamata mutum ya san na bankinsa tun kafin buƙata ta taso. Saurin kai rahoto yana ƙara damar tsayar da kuɗin kafin a kwashe su daga asusun da suka shiga. A ajiye saƙonni da lambar da ta kira a matsayin shaida. Idan banki bai warware ƙorafi cikin mako 2 ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Banki. Ana kuma kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, ƙorafin layi kuwa ga hukumar sadarwa ta NCC ta lambar kyauta 622.

Doka

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da satar bayanai ta na'ura. Akwai kuma dokar zamba cikin aminci ta 2006. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma daga cikin dalilan har da sauƙaƙa gano masu aikata laifi da waya.