Hadarin da Ya Wuce ta Kanmu Shi Ke Rushe Gidaje a Amurka

Da zarar marka ta kankama, sai saƙon ya fara yawo a WhatsApp. Wani lokaci muryar wani ce da ba wanda ya san shi, yana haɗa mutane da Allah su tura wa 'yan'uwa. Wani lokaci kuma bidiyo ne na itatuwan kwakwa sun sunkuya har ƙasa, motoci suna iyo a kan titi, an rubuta a ƙasa cewa mahaukaciyar guguwa irin ta Amurka ta nufo Najeriya, za ta shigo ta Legas ta hauro Arewa nan da kwana uku. Kwana ukun su cika ba a ga komai ba sai yayyafi, kowa ya ci gaba da harkarsa, baɗi kuma a sake kakkaɓe saƙon a sako shi.

Mai saƙon ya juya hanyar ne baibai. Guguwar daga wajenmu take tafiya can.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadarin kirki daga gabas yake tasowa. Dattijo zai ɗaga kai ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya, kuma da wuya ya yi kuskure. Dalili shi ne, a damina, sama da kawunanmu da kamar kilomita 3, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafi tsakanin Sahara mai ƙuna da gabar tekun kudu mai laima shi ke haifar da ita. Iskar nan ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa tana tara gajimare da tsawa a jikinta. Ana samun irin wannan kusan 60 a shekara, ɗaya na bin ɗaya duk bayan kwana 3 zuwa 5. Suna tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi, su bi ta kan Barno da Damagaram da Katsina da Sakkwato, su wuce Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Wannan tazarar ta 'yan kwanaki manomi ya san ta a jikinsa: yau a kwana ana zuba, gobe da jibi rana ta buɗe a yi noma, gata hadari ya sake haɗowa.

Yawancinsu a teku suke mutuwa ba wanda ya ji labarinsu. Amma masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga irin wannan hadari suke farawa. Guguwar Andrew, wadda ta daidaita garin Homestead a Florida ranar 24 ga Agusta, 1992, kwana goma kafin nan hadari ce kawai da ya bar gabar Afirka ta Yamma. Guguwar Irma ma ta bar gabarmu a ƙarshen Agustan 2017, ranar 6 ga Satumba ta dira a tsibirin Barbuda, ta lalata kusan duk wani gini da ke tsaye, har sai da aka kwashe mutanen tsibirin kakaf. Ba abin mamaki ba ne a ce hadarin da ya shayar da geron wani a Maraɗi shi ne bayan mako biyu ya ɗauke rufin wani a Karebiyan.

To me ya sa ba ya haukacewa tun yana kanmu?

Saboda guguwar nan tukunya ce a kan murhu, teku kuma shi ne wutar. Sai ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi a ma'aunin Selshiyas, kuma ba a fatar sama kawai ba, har zurfin wajen mita 50, kafin ya iya ciyar da ita. Tururi ya tashi daga tekun, ya hau sama ya huce ya zama gajimare, a wurin hucewar ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin ya ƙara ɗaga iska, ƙasa ta yi rata, iskar gefe ta ruga ta cike gurbin tana ɗauke da sabon tururi. Haka abin yake ta ciyar da kansa muddin wuta na ci. Idan ta hau tudu, an janye itace ke nan. Tukunya ba ta daina tafasa nan take, za ta ɗan yi ta ɓararraka, shi ya sa garuruwan bakin teku suke shan wuya, amma cikin yini guda ƙarfin iskar ya karye. Kano tana nesa da teku da fiye da kilomita 700. Ko da an ɗauko guguwar an ajiye ta a Legas, kafin ta haye Kwara ta zama ruwan sama kawai.

Ita ma Legas ɗin ba a kan hanyarta take ba. Guguwa sai da juyi, kuma juyin daga jujjuyawar duniya yake samuwa. A kan layin Ikwaita wannan ƙarfin babu shi sam, sai an yi nisa da layin da kamar digiri 5 yake fara isa ya murɗa iska. An taɓa samun wadda ta saɓa, Vamei, a kusa da Singafo a Disamban 2001, kuma har yau ana ba da labarinta ne don ba a saba gani ba. Tekun da ke kudu da Najeriya yana cikin wannan yanki na kusa da layin, ga shi kuma a watannin Yuli zuwa Satumba ruwansa hucewa yake yi. Sannan iskar da ke tura guguwa yamma take kaɗa ta, mu kuwa muna gabas. Mafi kusa da aka gani a 'yan shekarun nan ita ce Fred, wadda ta ratsa tsibiran Kef Bad ranar 31 ga Agusta, 2015, karo na farko tun 1892, igiyoyinta kuma suka yi ɓarna a ƙauyukan masunta na gabar Senegal. Daga can zuwa Legas tafiya ce ta dubban kilomita, kuma baya take ba mu.

Wani zai ce, to iskar da ta kware rufin makarantar unguwarmu a farkon damina fa? Wannan iskar gaban hadari ce, mai zuwa da jar ƙura tana kaɗa ƙofofi kafin ruwa ya sauko. Tana da ƙarfi, ba musu, tana karya darbejiya ta tuge turken lantarki, amma minti ashirin ko talatin ta wuce. Mahaukaciyar guguwa kuwa faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, tana iya kwana tana dukan gari ɗaya. Kuma in za a faɗi gaskiya, yawancin kwanon da ke tashi sama a garuruwanmu ba ƙarfin iska ne ya fi ƙarfinsa ba. Je ka duba bayan an lafa: katako siriri da gara ta riga ta ci, ƙusa ɗaya inda ya kamata a buga uku, ba a ɗaure rufin da bango da ƙarfe ko waya ba. Ɗan kwangila ya ci, kafinta ya rage, iska ta ɗauki laifi.

Akwai wani abu mai ban sha'awa game da dangantakar hadarinmu da guguwar Amurka. Wani masani ɗan Amurka, William Gray na jami'ar jihar Colorado, ya wallafa bincike a 1990 da ya nuna cewa shekarun da Sahel ta samu damina mai albarka su ne shekarun da manyan guguwowi suka fi faɗa wa gabashin Amurka. Shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da dabbobi suka ƙare a Nijar da arewacin Najeriya, su kuma can sun samu sauƙi. Daga baya an ga alaƙar ba ta tsaya daram kamar yadda aka zata ba, don akwai zafin teku da yanayin da ake kira El Nino da ƙurar Sahara, wadda idan ta bi hadari cikin teku takan busar da shi ta kashe shi tun yana ƙarami. Duk da haka, har gobe masu hasashe a cibiyar guguwa ta Miami idonsu na kan gajimaren Afirka ta Yamma tun daga Agusta.

Masu cewa Turawa ne ke ƙera guguwar da na'ura, kamar yadda aka yi ta yaɗawa a Amurka kanta lokacin guguwowin Helene da Milton a 2024, ba sai an ɓata musu lokaci ba. Gwamnatin Amurka ta gwada rage ƙarfin guguwa ta hanyar watsa mata sinadari daga jirgi, daga 1962 zuwa 1983, ta haƙura. Zafin da matsakaiciyar guguwa ke saki ya ninka duk lantarkin da duniya ke iya samarwa wajen sau 200.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kowa ya ƙwallafa rai a kan iska. Gidajen rediyo su ce guguwa mai mataki na 5, mu riƙe baki. Su ce ta sauko mataki na 1, mu ce an auna arziki. Matakan nan gudun iska kawai suke aunawa: na 1 daga kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ba su cewa komai game da ruwa, alhali ruwa ne ke kisa. Wani bincike na cibiyar Miami a kan shekaru 50, daga 1963 zuwa 2012, ya gano cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ya ci su. Katrina tana mataki na 3 ta sauka a Louisiana ranar 29 ga Agusta, 2005. Shingayen da ke tare ruwa ne suka ɓalle, kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse, fiye da mutum 1,300 suka rasu. Harvey a 2017 ta riga ta rasa ƙarfin iskarta, sai ta tsaya cik a kan Texas tana zuba, wani wurin ya samu sama da milimita 1,500 a 'yan kwanaki, fiye da abin da Kano ta saba samu a damina sukutum. Helene kuwa inda ta fi kisa shi ne cikin duwatsun North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga teku, wurin da mutane suke ganin ba ruwansu da guguwa.

A nahiyarmu ma haka. Idai ta faɗa wa Beira a Mozambik a Maris 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe uku, akasari ambaliya da zaftarewar ƙasa. Freddy a 2023 ta yi kwana 36 tana yawo a tekun Indiya, wadda ta fi kowace daɗewa a tarihi, kuma a Malawi, ƙasar da ba ta da gabar teku, ta fi yin ta'adi. A Satumban shekarar, guguwar Daniel ta zuba ruwa a gabashin Libiya, madatsun ruwa biyu da aka daɗe ba a gyara ba suka fashe cikin dare a kan birnin Derna, dubban mutane suka tafi suna barci.

Wanda ya karanta labarin Derna ya tuna da daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2024, ba sai an yi masa bayani ba. Madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari a cikin ruwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, shekara 30 cif bayan irin haka ta faru a 1994. A Mokwa, ƙarshen Mayun 2025, ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 150. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya. Babu mahaukaciyar guguwa ko ɗaya a cikin waɗannan. Hadarinmu ne na gida, wanda muka saba da shi, ya tarar da madatsa ta tsufa, kwalbati ya toshe da leda da robar lemo, an yanka filaye an sayar a kan hanyar ruwa da takardar hukuma a hannu. Mutumin da ya tura wa mutum hamsin saƙon guguwar Amurka, shi ne da ya ji an fara yayyafi zai aiki yaro ya juye shara a kwata don ruwa ya tafi da ita.

Bangaladesh ita kam guguwar gaske take fuskanta, kuma ba ƙasa ce mai kuɗi ba. A Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can, ta 1991 ta kashe wajen 138,000. Da Amphan ta zo a Mayun 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Abin da suka yi ba wani siddabaru ba ne. Sun gina makarantu a kan dogayen ginshiƙai, ranar lafiya a yi karatu, ranar guguwa a fake. Sun horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka, maza da mata, masu bin gida-gida a kan keke da lasifika, suna ɗaga tuta gwargwadon kusantowar haɗarin, suna faɗa wa mutane da harshensu inda za su nufa.

Mu ma muna da masu hasashe. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, a Yamai kuma akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke yi wa yankin duka aiki. Sau da yawa hasashen yana faɗawa daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ɗakin taron da aka ƙaddamar da rahoton a Abuja da ƙofar gidan mai unguwa. Sanarwa ta ce jihohi kaza su yi hattara, ba ta ce wace unguwa ba, ba ta ce a koma ina ba, ba ta ce wa zai kula da awaki da buhunan hatsi idan an tashi ba. Mai gida kuwa ba zai bar gidansa a kan hattara ba. Liman da mai unguwa da sarkin kasuwa suna nan a kowane gari, lasifikar masallaci tana aiki ko babu wuta, amma da wuya ka ji an kai musu taswirar inda ruwa zai bi tun watan Mayu, kafin hadarin farko ya taso.