Ciwon Damuwa: Sabbin Magungunan da Ke Bin Wata Hanya Daban a Ƙwaƙwalwa

Idan an taɓa yi wa wani naka tiyata a babban asibitin Karaye ko na Rogo, mai yiwuwa da allurar ketamin aka sa shi barci. Tsohon magani ne, tun 1962 aka haɗa shi. To ka san cewa shi ne ya buɗe sabon babi a maganin ciwon damuwa?

Magungunan da likitocinmu suka saba rubutawa, irin su amitriptyline da fluoxetine, suna ƙara yawan sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, musamman sirotonin. Suna aiki, amma sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga canji sosai, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙi ko da an sauya masa magani. Ga wanda ya fara tunanin kashe kansa, wannan jira ya yi yawa.

A shekarar 2000, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa ɗan ƙaramin awo na ketamin na rage damuwa cikin sa'o'i. Shi ta kan wani sinadari mai suna gulutamet yake bi, kuma ana ganin yana taimaka wa jijiyoyi su sake ƙulla mahaɗar da damuwa ta raunana. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ɗan'uwansa esketamin, mai suna Spravato a kasuwa, wanda ake fesawa a hanci.

A 2023 kuma ta amince da zuranolone ga matan da damuwa ta kama bayan haihuwa. Ƙwaya ce da ake sha kwana 14 kacal, tana aiki ta kan sinadarin GABA mai kwantar da jijiyoyi.

Sai dai a kula. Esketamin na ɗaga hawan jini, yana sa mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa, shi ya sa a asibiti kawai ake ba da shi, a tsare mara lafiya sa'a biyu. Ketamin kuma ana iya kamuwa da jarabarsa. Kada ka saye shi a kemis don ka gwada.

Idan kai ko mai jegon gidanku ta wuce mako biyu cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, ku je asibiti. Daga nan za a iya tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Tsofaffin magungunan ma suna ceton rai.