Ɗiyar da balaga ta yi wa jinkiri: a kula da ƙashinta

A garuruwanmu akan ga yarinya ta kai shekara 15, tsararrakinta duk sun fi ta tsawo, nono bai fito mata ba, kuma ba ta fara al'ada ba. Iyaye sukan ce lokacinta ne bai yi ba. Wasu ma su ce aikin iska ne. Sau da yawa rashin abinci mai gina jiki ko sikila ke kawo wannan jinkiri. Amma akwai wani dalili da ba mu faye sani ba. Sunansa ciwon Turner, domin wani likitan Amurka, Henry Turner, ya bayyana shi a 1938.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai zare 46 masu ɗauke da gadon uwa da uba. A jikin mace, biyu daga cikinsu ana kiransu X. Mai ciwon Turner an haife ta da X ɗaya tak, ko kuma na biyun bai cika ba. Wajen ɗiya 1 cikin 2,500 ake haifa haka. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba.

Ina ruwan ƙashi da wannan? Gidan ƙwan haihuwa na mace yana fitar da wani sinadari, estirojen. Shi ke kawo nono da al'ada, shi ne kuma ke taimakon ƙashi ya yi ƙwari. Ƙashi kamar rumbu yake, shekarun balaga su ne kakarsa. Abin da aka zuba a lokacin shi jiki zai yi ta ci har tsufa. Yawancin masu wannan ciwo jikinsu ba ya yin estirojen isasshe, sai rumbun ya kasa cika. Ƙashin ya zama marar ƙwari, faɗuwa kaɗan sai karaya.

Shi ya sa muke cewa jira ba alheri ba ne. A kai ta likita. Gwajin jini na musamman ne ke tabbatar da ciwon, don haka akan tura ta babban asibiti, inda za a duba zuciyarta da ƙodarta ma. Likitoci sukan fara ba da estirojen tun tana shekara 11 ko 12, kaɗan-kaɗan, kuma ta ci gaba da shi har wajen shekara 50. Wadda ta wuce 12 ma a kai ta. Gaskiya ɗaya: maganin yana kawo nono da al'ada, amma yawancinsu ba sa samun ciki.

A gida kuwa, a ba ta nono, cuku, zogale, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Ta riƙa fita rana tana tafiya da wasa. Wannan duk taimako ne, ba ya maye gurbin maganin likita.