Kiwon karfasa a cikin gida

Mutanen Madarunfa da Tabalak da Gidimuni sun san daɗin miyar kifi, domin tabki yana kusa da su. Amma garuruwa da yawa ba su da tabki. In kifi ya zo musu, sai busasshe, kuma da tsada. A birane akwai masu ajiye ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi don ado. Mutumin karkara ma zai iya ajiye kifi a gida ko a garka, ya ci, ya sayar, in dai yana da rijiyar da ba ta ƙafewa.

Kifin da ya fi sauƙin kiwo shi ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Tana jure zafi, tana cin dussa da ganye, kuma tana haihuwa ba tare da wahala ba. Mutanen Misira sun yi kiwonta cikin ƙananan tabkuna tun fiye da shekara 3000.

Wurin ajiyewa

A gina kwami na siminti, wato wurin tara ruwa. Tsawo metir 4, faɗi metir 3, zurfi metir 1. A sa shi kusa da rijiya, inda rana take samunsa. Kada a gina shi ƙarƙashin itace, don ganye yana faɗawa ya ruɓe cikin ruwa.

Sabon siminti yana kashe kifi. Saboda haka a cika kwamin da ruwa, a bar shi sati 1, a zubar. A sake cikawa, a bar shi wani sati, a zubar, a wanke. Bayan haka a shimfiɗa rairayi a ƙasa, kaurin tafin hannu, sannan a zuba ruwan kiwo.

Ruwan rijiya yana da kyau. Ruwan fanfo kuwa ana sa masa zabel, kuma zabel yana kashe kifi. Sai an ajiye shi a buɗe kwana 2 kafin a zuba.

Dole a kewaye kwamin da shinge mai ƙofa. Ƙaramin yaro yana iya faɗawa ya nutse. Shingen kuma yana hana dabbobi shiga.

Kawo ɗiyan kifi

A nemi ɗiyan karfasa masu tsawon yatsa. A ɗauko su da sassafe, cikin bokiti mai ruwan wurin da suka fito. Kada a juye su nan take. A sa bokitin cikin kwami minti 20, a riƙa ƙara masa ruwan kwamin kaɗan kaɗan, sannan a karkata shi su fita da kansu. Canjin ruwa farat ɗaya yana galabaitar da su.

Kwami irin wannan, kifi 30 sun ishe shi. In an cika su da yawa, ba su girma.

A duba da kyau kada katantanwa ta biyo ruwan tabki. Cikin wasu katantanwa ne ƙwayar cutar tsargiya take girma.

Abinci

Abincin farko na karfasa yana cikin ruwan kansa. Ƙananan tsirrai ne da ido ba ya gani, su ne ke mai da ruwa kore. Don su yawaita, a ɗaure busasshen kashin kaji ko na awaki cikin buhu, kamar rabin tiya, a rataya shi cikin ruwa.

Ga yadda ake gane ko takin ya isa. Mutum ya sa hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu. In yana ganin tafinsa sarai, takin bai isa ba. In yana ganinsa dishi-dishi, ya yi daidai. In hannun ya ɓace tun daga wuyan hannu, takin ya yi yawa, sai a fid da buhun.

Bayan wannan a ba su dussar hatsi ko ta shinkafa, da dakakken ƙuli-ƙuli, da gara, da ganyen zogala. A ba su sau 2, da hantsi da la'asar, a wuri guda kullum. A zuba abin da za su cinye cikin minti 15. Abincin da ya saura yana ruɓewa ya ɓata ruwa. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin gida.

Lokacin ɗari karfasa ba ta cin abinci sosai, ba ta haihuwa. A rage mata abinci, a cika kwamin da ruwa, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin yin sanyi.

Kula da ruwa

Kifi yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Iskar nan tana ƙaranci da asuba. Mai kiwo ya leƙa kwaminsa kowace safiya. In ya ga kifaye sun taso sama suna buɗe baki, ruwan ya lalace. Ya tsai da abinci ranar nan, ya kwashe wani ruwa, ya zuba sabo.

Ko ba a ga haka ba, kowane sati a kwashe kashi 1 cikin 4 na ruwan a sabunta. Kada a zubar da tsohon ruwan banza. Taki ne mai kyau ga salati da tumatir da albasa.

Sabulu da maganin ƙwari guba ne ga kifi. Kada a wanke abin feshi kusa da kwami. Kada a wanke sange mai magani a ciki, kada kuma a kama kifi da shi.

Haihuwa

Haihuwar karfasa abin mamaki ce. Namiji ne ke haƙa ɗan rami cikin rairayi. Mace ta zo ta zuba ƙwai a ciki, ɗaruruwa, namiji ya zuba musu ruwansa. Sai macen ta kwashe ƙwan cikin bakinta. Nan suke ƙyanƙyashewa bayan kwana kaɗan. Tana riƙe da su wajen sati 2, ba ta cin kome. Ko bayan ta sake su, in sun ji tsoro sai su ruga su koma bakin uwarsu. Saboda haka in an ga mace ta keɓe kanta, bakinta a kumbure, kada a dame ta.

Amma yawan haihuwa yana da illa. In an bar maza da mata wuri guda, kwamin zai cika da ƙananan kifaye, babu mai girma a cikinsu. Maganin abin shi ne a raba su. A juya kifi a dubi ƙasan cikinsa kusa da wutsiya: namiji yana da ƙofa 2, mace tana da 3. A bar maza kaɗai cikin babban kwami, domin sun fi mata saurin girma. A ajiye namiji 1 da mata 3 cikin wani ƙaramin kwami don samun iri. In ɗiyan sun rabu da uwa, a kwashe su zuwa wani wuri, a ba su dussa mai laushi.

Amfani

In an kula da kyau, bayan wata 6 namiji yana kai garam 200. Kifi 30 ke nan za su ba da wajen kilo 6. Ga nama mai gina jikin yara da mata masu ciki, ga ɗiyan kifi na sayarwa ga maƙwabta, ga ruwan taki na garka.

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci za su iya haɗa kai su gina kwami guda, su riƙa rubuta ranar da aka sa kifi, da abincin da aka ba su, da kilon da aka samu. Mai son ya fara, ya je wurin ma'aikatan gandun daji na yankinsu, domin su ne ke kula da sha'anin kifi. Za su nuna masa inda ake samun iri mai kyau.