Daga Ciyayyar Zaure Zuwa Bencin Mai Abinci: Darasi Daga Samaru

A tsohon tsarin zaman Bahaushe, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai. Da zarar an sallame daga masallaci, sai yara su fara fitowa da akusa daga gidaje, a jera su a zaure ko a ƙofar gidan dattijon unguwa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Wannan ita ce ciyayya. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba a wannan dare zai ci ya ƙoshi ba tare da asirinsa ya tonu ba, baƙon da ya sauka ba zai kwana da yunwa ba, kuma a nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake kashe wutar rigima tun tana hayaƙi.

Sai dai ciyayya tana da sharuɗɗa. Tana bukatar zaure, tana bukatar gida mai iyali, tana kuma bukatar maƙwabtan da suka daɗe da sanin juna. Garuruwan da suka tsiro a gefen manyan biranenmu cikin shekaru ɗarin da suka wuce ba a gina su a kan waɗannan sharuɗɗa ba. Zan kafa misali da Samaru ta Zariya, inda na shafe shekaru ina zaune, amma duk wanda ya san bayan garin Kano ko Kaduna ko Sakkwato zai gane abin da nake nufi.

Aiki da karatu ne suka raya Samaru. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, a 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, sai gari ya yi ta bunƙasa a bakin hanyar da ta nufi Funtuwa, ya haɗe da unguwanni irin su Hayin Dogo da Ɗanraka, ya miƙa hannu zuwa Bomo da Zangon Shanu. Mafi yawan waɗanda suka cika garin ’yan haya ne: ɗalibai, masinjoji, direbobi, kanikawa, teloli, ƙananan ma'aikata, da malamai irina. An zo daga Katsina, an zo daga Binuwai da Filato, daga Ilori, daga ƙasar Ibo, har daga Nijar da Kamaru. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya ba shi da zauren da zai tara jama'a. To, a ina waɗannan baƙin juna suke zama maƙwabta? Amsar da na samu ita ce: a kan bencin mai abinci da teburin mai shayi.

Mai karatu, dubi yadda yini ke tafiya a irin wannan gari. Da sassafe ana layi a wurin mai koko da ƙosai da mai waina. Rana na take tsaka sai a koma rumfunan shinkafa da wake da mai da yaji, wato garau-garau, da ɗanwake, da teba, da sakwara da miyar agushi. Da la'asar mai tsire ya hura wuta, mai awara ta kafa kasko. Bayan isha'i kuwa gari na mai shayi ne, wanda zuwan taliyar Indomie ya mayar da teburinsa cikakken gidan abinci. A kowane zango benci ɗaya ne ga kowa. Malamin jami'a da mai facin taya suna wanke hannu da buta ɗaya, suna sauraron labaran rediyo tare, suna musu a kan ƙwallo da siyasa, kuma babu mai tambayar wani takardar shaidarsa kafin ya ƙaryata shi. A nan ake jin inda ɗakin haya ya faɗi, da wanda ke neman yaron shago, da gidan da aka yi rasuwa ko haihuwa.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda tarihin cuɗanyarmu yake kwance a cikin sunayen abincin. Shayi da gurasa da alkama daga Larabci muka aro su. Burodi da tumatir daga Ingilishi suka zo. Alale da teba da agushi kuwa daga Yarbanci suka shigo, suka zauna daram har yaro ba zai taɓa zaton baƙi ba ne. Mu ma mun ba da namu. Bukkar Bahaushe ce ta zama buka a bakin mutanen kudu, wato rumfar sayar da abinci, kuma a 2020 babban ƙamusun Ingilishi na Oxford ya shigar da wannan kalma cikin jerin kalmomin Nijeriya da ya karɓa. Daga baya suya ma ta bi sahu. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara wannan musaya. Mayunwata ne suka yi ta, a gaban tukunya.

Haka nan a waɗannan rumfuna ne dubban mutane suke koyon Hausa ba tare da malami ko allo ba. Ɗalibin da ya zo daga kudu, kalmominsa na farko su ne nawa ne, ƙara miya, da ya isa. Matar da ta zo daga Oyo ta shekara talatin tana tuƙa amala, Hausarta ta ciniki ta fi ta wasu ’yan boko santsi. Idan ta ce miya ya ƙare, ba na ganin laifinta, domin ko karin harshen Zazzau kansa an san shi da sassauta bambancin namiji da mace a nahawu. Harshen da ake saye da sayarwa da shi, ake raha da shi a tsakanin ƙabilu, shi ne harshe mai rai.

Akwai kuma wani littafi da ba a ajiye shi a kowane ɗakin karatu, alhali ya riƙe rayuka da yawa, wato littafin bashin mai abinci. Ɗalibin da kuɗin gida bai iso ba, da ma'aikacin da wata ya yi wa nisa, sukan ci a rubuta. Babu jingina, babu ruwa, babu shaida sai sanayya. Wannan shi ne magajin ciyayya na haƙiƙa, domin aikinsu ɗaya ne, rufin asirin wanda ba shi da shi a yau. Da yawa daga cikin masu manyan muƙamai a yanzu, da za su faɗi gaskiya, sunayensu sun taɓa kwana a irin wannan littafi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan tsari yana jin jiki. A 2020 annobar korona da yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara suka kwashe ɗalibai daga gari. A 2022 aka sake wani yajin daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu malamai mun yi kukan albashi, jaridu sun buga, amma matar da jarinta duka bai wuce buhun shinkafa da jarkar mai ba, ba ta da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunta. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ga mai saye ga abinci amma babu abin biya. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da janye tallafin man fetur, kuma zuwa tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Sakamakon a bayyane yake a cikin kwano: malmala ta ƙanƙance, nama ya zama na gani da ido, kuma mai abincin da ita ma bashi take ɗaukowa a kasuwa dole ta rufe littafinta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Barazana ta biyu kuwa daga gare mu take, mu da Allah Ya ɗan buɗa wa. Da zarar mutum ya sayi mota, sai benci ya zama ƙasƙanci a idonsa. Ya tsaya a bakin titi, gilashi a rufe, a miƙo masa abinci a roba, ko ya buga waya mai babur ya kai masa har gida. Abincin ya isa ciki, amma gaisuwa da hira da sanin halin maƙwabci sun faɗi a hanya. Kada mu raina wannan asara. Muna da izina a kusa da mu: bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mazauna birnin Kaduna da yawa sun rabu gida biyu, wasu a arewacin kogi, wasu a kudancinsa. Cin abinci tare ba zai hana fitina shi kaɗai ba, amma jita-jita ta fi saurin kama mutanen da ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba. Da wuya a gamsar da kai cewa wanda kuke karyawa tare kullum dodo ne.

Ba ina cewa komai na waɗannan rumfuna abin yabo ba ne. Akwai masu wanke kwanuka hamsin a ruwa ɗaya, akwai masu kafa tukunya a bakin kwata. A 2021 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan bisa ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Akwai kuma yara mata da ke ɗaukar talla a lokacin da ya kamata suna aji, da almajiran da ke wanke-wanke don a ba su ƙanzo. Waɗannan aibobi ne na gaske. Amma maganinsu gyara ne, ba kora ba.

Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomi da su riƙa kallon masu abinci a matsayin masu yi wa gari hidima, ba wurin yankar rasit kaɗai ba. Kuɗin da ake karɓa a hannunsu ya dawo musu ta hanyar famfo ko rijiyar burtsatse, da magudanar ruwa, da wurin zuba shara. A farfaɗo da aikin duba-gari, ya zo da koyarwa kafin ya zo da tara. Masu tsara sababbin unguwanni su ware fili domin rumfunan abinci kamar yadda ake ware na makaranta da kasuwa. Bankunan ƙananan ’yan kasuwa su gina a kan adashin da matan nan suka riga suka iya. Abokan aikina masu nazarin harshe da zamantakewa kuma, ga fagen bincike nan a ƙofar jami'a, ba sai an nemi kuɗin jirgi ba.

Mu kuwa ’yan boko, namu ya fi sauƙi. Mu sauko daga mota ko da sau ɗaya a mako, mu yi sallama, mu zauna, mu kai ’ya’yanmu su ga yadda ake matsa wa baƙo a kan benci. Wanda ya san sunansa yana cikin wani tsohon littafin bashi, ya koma ya biya, ya kuma ɗora da na wani ɗalibi da bai sani ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A garin da ba shi da zaure, rumfar mai abinci ce inda ƙafar za ta nufa. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma yalwata mana abin sakawa a bakin salati.