Majigin Kirsimeti: Wane Fim Ƙungiyarku Za Ta Nuna?

Watan Disamba ba watan hutu ba ne ga manomin kwarin kogin Haɗeja. An shuka alkama, masu tattasai da tumatir suna kan ban ruwa, masunta kuma suna bin ruwan da ya janye. Duk da haka ya kyautu kowace ƙungiyar gama kai ta keɓe dare ɗaya a makon Kirsimeti, ta ɗaura farin ƙyalle a harabar majami'a, jama'a su yi kallo tare. Abin da muke so mu duba shi ne fim ɗin da ya cancanci kuɗin man janareta.

Kallon majigi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa, musamman bayan da suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkinsu a 1939, motocin majigi suna zaga garuruwan Arewa suna nuna tsabta da noma. Dattawa ba su manta da Baban Larai ba, wanda aka yi kan noman auduga. Finafinan da suka zo da Turanci kuwa, akwai mai fassara da yake tsayawa da lasifika yana bayani da Hausa. Wannan dabara tana da amfani har yau.

Na farko a wurinmu shi ne fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka ɗauka a ƙasar Isra'ila bisa ga Bishara ta hannun Luka. An juya shi cikin harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, saboda haka tsofaffi da yara za su ji da kunnensu. Tsawonsa kamar awa biyu ne. Sai dai labarin haihuwa kaɗan ne a farkonsa. Wanda yake son labarin haihuwar sosai ya nemi The Nativity Story na 2006. A ciki za ku ga masu karɓar haraji sun ƙwace jakin mahaifin Maryamu, Yusufu ya fanso shi, za ku kuma ga wahalar tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Finafinan dusar ƙanƙara da Baban Kirsimeti, irin su Home Alone na 1990, yara za su yi dariya, amma ba mu ga abin da za su kai gida ba.

Wanda muke so shugabannin ƙungiyoyi su yi ƙoƙarin samu shi ne wani tsohon fim na Amurka, mara launi, mai suna It's a Wonderful Life, wanda Frank Capra ya shirya a 1946. Labarin wani mutum ne, George Bailey, mai riƙe da ƙaramin asusun ajiya da bashi na garinsu. Talakawa suna zuba kuɗi, ana ba wasunsu rance su gina gida. A garin akwai attajiri, Potter, wanda ba shi da buri sai asusun ya rushe, kowa ya koma haya a gidajensa.

Ran ɗaurin auren George sai tsoro ya kama gari, mutane suka cika ofishi, kowa yana neman kuɗinsa a take. George ya nuna musu cewa kuɗin ba ya kwance a akwati, yana cikin gidajen da maƙwabtansu suka gina da shi. Amaryarsa ta fito da dala 2,000 da suka tanada don tafiyar amarci, aka roƙi kowa ya karɓi iyakar abin da zai riƙe shi. Da aka rufe ƙofa da yamma, dala 2 suka rage, amma asusun bai mutu ba.

'Yan'uwa, wannan zancenmu ne. A shekarar ambaliya, kamar 2020 da 2022 da ruwa ya cinye gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, babu mamban da ba ya bukatar ajiyarsa. Amma kuɗin ƙungiya yana cikin injin ban ruwan wane, da irin shinkafar wance, da takin da aka raba bashi. In kowa ya ce sai nasa yau, ƙungiya ta watse, mu koma hannun masu ba da bashi da daminar bana su karɓi buhu biyu a kan ɗaya da kaka.

Akwai kuma darasi ga ma'aji. Daga baya kawun George ya yi sakaci da dala 8,000 na asusun ran jajibirin Kirsimeti, har George ya yi niyyar faɗawa kogi. Mutanen gari ne suka tara kuɗin suka cece shi. Labarin mala'ikan da ke ciki ƙagagge ne, ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba, sai pasto ya faɗa wa jama'a haka tun farko. Kuɗin da aka naɗe cikin jarida aka manta kuwa, wannan yana iya faruwa ga kowa. Shi ya sa muke cewa mutum biyu su riƙa kai kuɗi banki.

Fim ɗin da Turanci yake, kuma ya wuce awa biyu kaɗan. A zaɓi mai fassara ya kalle shi tukuna, a kuma tsaya bayan wurin da aka cika ofishi, a ba mambobi minti goma su yi magana.

Game da maƙwabta: 'yan'uwanmu Musulmi ba su yarda a nuna siffar annabawa ba. Saboda haka finafinan Yesu a nuna su cikin majami'a, a rage ƙarar lasifika, kada kuma a haɗa da lokacin sallar isha'i. Na George Bailey kuwa ana iya gayyatar duk wanda muke haɗa iyakar gona da shi. A zo da barguna da tabarmi, gama sanyin hunturu a fadama ba wasa ba ne, a kuma tashi kafin ƙarfe goma saboda masu ban ruwa da asuba.